Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Zaman Sauraronmu: Kada Ku Yanke Tarihin Arctic Monkeys A 2013

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yayyena maza da mata na kwamiti, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar da kuke yi da mu. Ku kuke kama ɗakin taro, ku kuke kinkimo na'urar garmaho da lasifika a cikin sanyin nan, ku kuke dafa shayi, kuma ba wanda ya taɓa biyan ku ko sisi. Allah Ya saka da alheri. Ga wanda zai karanta wannan takarda bai san mu ba: mu Hausawa ne 'yan kaɗan da karatu ko aiki ya kawo arewacin Ingila, muna haɗuwa duk bayan wata biyu a Sheffield mu saurari faifai guda daga farkonsa har ƙarshensa. Doka biyu ce gare mu, ku kuka kafa su: ba a tsallake waƙa, ba a magana sai allura ta ɗaga.

Ina rubuta wannan ne da yawuna da na wasu mutum takwas da suka ce in yi magana a madadinsu. Yawancinmu ƙannenku ne, mun zo ƙasar nan bayanku. Abin da ya tayar da mu shi ne jerin da kuka fitar don cikar shekara 20 da fitowar kundin waƙoƙi na farko na ƙungiyar kiɗan rok ta Arctic Monkeys, wanda ya fito ranar 23 ga Janairun 2006. Kun ce za a yi zama na musamman a bi tarihin ƙungiyar kundi bayan kundi, tunda 'yan garin nan ne, daga unguwar High Green suka taso. Mun yi murna. Da jerin ya zo sai muka ga kundi biyar, alhali bakwai suka yi. An tsaya a AM na 2013. Tranquility Base Hotel & Casino na 2018 da The Car na 2022 babu su. Da muka tambaya, amsar da muka samu ita ce wai daga ranar da Alex Turner, mawaƙin ƙungiyar kuma marubucin waƙoƙinta, ya ajiye jita ya zauna gaban fiyano, ƙungiyar ta tashi daga aiki, abin da ya biyo baya kiɗan falon otal ne. Wani babban yayanmu ya ƙara da cewa tsohuwar zuma da ita ake magani.

Ba mu yarda ba, kuma ga dalilanmu.

Abu na farko da ya fi yi mana ciwo shi ne hukuncin ya saɓa wa dokar da ku da kanku kuka koya mana. A zaman da ya wuce na tambaya a fili, su wa suka taɓa jin kundin 2018 daga waƙa ta ɗaya zuwa ta goma sha ɗaya a zama guda? Hannu biyu ne ya ɗaga a cikin kwamiti. Sauran sun ji waƙa ɗaya ko biyu a mota, ko sun ga ana tsiya a kansa a waya, suka rufe babi. Na fahimci yadda hakan ta faru, domin ni ma haka na fara. Ranar Juma'a 11 ga Mayun 2018 na tashi daga aikin dare, na shiga taragon lantarki na gari, na sa abin ji a kunne ina jiran jitar da na saba da ita ta farkar da ni. Sai na ji fiyano yana tafiya a hankali, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labari, babu amshin da zan kama. Kafin in sauka na kashe. Ƙungiyar ba ta saki ko waƙa guda ba kafin ranar fitowar kundin, don haka ba wanda ya shirya kunnensa; dukanmu a tare muka faɗa ciki. Sai bayan kusan wata biyu, wani dare da ruwa ya hana ni fita, na zauna na ji shi duka ba tare da ina yin wani abu ba. Minti 41 ne. A waƙa ta huɗu na daina jiran abin da ba zai zo ba, na fara jin abin da yake nan. Irin wannan zama shi ne ainihin abin da aka kafa taronmu dominsa. In akwai kundin da ya fi kowane buƙatar dokarmu ta shiru, to wannan ne, kuma shi kuka cire.

Na biyu, maganar fiyanon kanta. Ina zargin kalmar ce take ɓata mana hukunci. Mu da muka taso da waƙoƙin finafinan gida, in an ce kiɗan fiyano abin da ke zuwa mana shi ne na'urar lantarkin nan ta situdiyo da ake danna maɓalli ta fitar da ganga da sarewa da goge gaba ɗaya, wadda dattawa suka daɗe suna kukan ta kori kalangu da kukuma. Wanda ya ji an ce mawaƙi ya bar jita ya koma fiyano, sai ya ɗauka ya bar wahala ya koma sauƙi. Abin da ya faru a nan akasin haka ne. Fiyanon katako ne, mai igiyoyin ƙarfe da guduma a ciki, ƙirar Steinway, wanda manajan ƙungiyar ya ba Turner kyauta da ya cika shekara 30 a 2016. Ya ajiye shi a wani ɗaki a gidansa na Los Angeles. Shi da bakinsa ya faɗa a hirarraki cewa jita ta daina ba shi sabon tunani, yatsunsa sun riga sun san inda za su je kafin ya yi niyya. Mahaifinsa malamin kiɗa ne, ya ɗan koyi fiyano yana yaro, amma bai ƙware ba, kuma wannan rashin sabo ne ya buɗe masa hanya.

Ku ba ni dama in ɗan tsaya a nan, domin 'yata tana koyon fiyano a makaranta kuma ita ta nuna mini abin da ido. A jitar rok, hannun hagu yana kama siffa guda, sai a yi ta zame shi sama da ƙasa a wuyan jitar. Sautin yana da ƙarfi, yana da kaifi, amma launinsa ɗaya ne. A fiyano kuwa yatsu goma ne a shimfiɗe. Ta danna maɓalli uku ta ce in saurara. Ta ƙara na huɗu da ɗan yatsanta, sai sautin ya zama kamar tambaya. Ta matsar da babban yatsa rabin taki kawai, sai ya zama kamar mutum ya shiga ɗakin da bai sani ba. Hannunta bai motsa daga wuri ɗaya ba, amma yanayi ya sauya sau uku. Mai rubuta waƙa a kan irin wannan abin kiɗa ba ya gaggawar komawa amshi, domin kowane taki yana buɗe masa wata ƙofa. Shi ya sa waƙoƙin kundin nan suke tafiya kamar zance: baiti ya miƙe ya yi tsawo, ya karkata, wani lokaci amshin ya zo sau ɗaya a makare, wani lokaci ba ya zuwa sam. Mu da kunnenmu ya saba da mawaƙi da 'yan amshinsa, wannan yana da nauyi da farko, na sani. Amma nauyi ba aibi ba ne.

Kuma waƙoƙin goma sha ɗayan duk a kan ginshiƙi guda aka ɗora su: wani otal da gidan caca da aka ƙaga a duniyar wata, daidai wurin da kumbon Apollo 11 ya sauka a Yulin 1969, wurin da 'yan sama jannatin suka raɗa wa suna Tranquility Base. Daga can sama ake leƙen duniyarmu, ana maganar yadda waya ta cinye hankalin mutane, yadda komai ya zama abin ba da maki, yadda talla ta shiga har cikin soyayya. Hoton bangon ma Turner ne ya yanka kwali da hannunsa ya gina siffar otal ɗin, ya ɗora a kan tsohuwar na'urar naɗar sauti. Kundi mai jigo guda, waƙa mai ƙin bin tsarin baiti da amshi, kayan kiɗa masu maɓalli a gaba: wannan ne ya sa wasu ke jingina shi da kiɗan furogiresif, wato salon rok mai dogayen waƙoƙi da sarƙaƙiyar tsari. Na yarda ba irin na Genesis ko Pink Floyd na shekarun 1970 ba ne, babu waƙa mai minti ashirin a ciki, kuma akwai jinin jaz da na mawaƙan Faransa a jikinsa. Sunan bai dame ni ba. Abin da na sani shi ne ƙungiyar da ta iya rubuta waƙar da filin wasa zai ɗauka baki ɗaya ta zaɓi ta yi abin da ya fi wuya, a lokacin da AM ya buɗe mata kasuwar Amurka, kuma maimaita shi ne zai fi kawo kuɗi.

Na uku, kuna cewa ai wannan kundin Turner ne shi kaɗai, an lika masa sunan ƙungiya. Wannan magana zalunci ce ga mutum uku. Jamie Cook, mai jita, shi ya fara jin gwajin waƙoƙin, kuma ya amince a yi su da sunan ƙungiya. A kakar 2017 suka tare gaba ɗaya a situdiyon La Frette, wani tsohon gida a bayan garin Paris, tare da James Ford, furodusan da ke aiki da su tun 2007, da wasu makaɗa abokansu. Ku saurari jitar bes a kundin nan. Sau da yawa ita ke ɗauke da karin waƙar yayin da murya ke yawo a sama. Ku saurari Matt Helders, wanda muka sani da dukan ganga kamar zai fasa fata, yadda ya koyi barin fili, ya buga ɗaya inda da zai buga huɗu. Makaɗin da ya iya gudu ya kuma iya riƙe kansa ya fi wanda gudun kawai ya iya. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma su ukun sun sauya tasu da saninsu. Hoton bangon The Car, farar motar nan ita kaɗai a saman wani gini a Los Angeles, Helders ne ya ɗauka da kyamararsa. Wanda aka mayar ɗan kallo ba ya ba da fuskar kundi.

Sai maganar shekarar da kuka zaɓa. Me ya sa 2013? In sauyi ne laifin, ai tun 2009 ya kamata ku tsaya. Kundin Humbug na shekarar a hamadar Kalifoniya aka naɗi babban ɓangarensa tare da makaɗin Amurka Josh Homme, ya fito da nauyi da duhu, kuma masoyan farko da yawa sun yi fushi da shi a lokacin. Wasunku da bakinsu suka ba ni labarin. Yau yana cikin jerinku ba gardama. AM ɗin da kuka mayar iyaka, bugunsa daga hip-hop aka aro shi, amshinsa da siririyar murya irin ta mawaƙan baƙaƙen Amurka ake yi, ba abin da ya haɗa shi da yaran da suka fara wasa a mashayar The Grapes a 2003. Waƙar 505 kuwa, wadda ta rufe kundin 2007, wadda yaran yanzu suka sake tono ta a TikTok, wadda duk wasa sai an yi kururuwar neman ta, da me take buɗewa? Da ogan, abin kiɗa mai maɓalli, ɗan'uwan fiyano. A 2008 Turner ya yi kundi guda cike da gogen Turawa tare da abokinsa mawaƙi Miles Kane a ƙarƙashin sunan The Last Shadow Puppets. Hanyar a shimfiɗe take tun da daɗewa, ba rana ɗaya aka wayi gari a duniyar wata ba.

Akwai ƙorafi ɗaya naku da nake girmamawa, shi ne cewa sun bar Sheffield. Kundin farko garin nan ne tsantsa: layin shiga gidan rawa, masu gadin ƙofa, rigimar tasi da tsakar dare, sunayen unguwanni da lafazin Yorkshire ba gyara. Ya sayar da fiye da kwafi 360,000 a makon farko, abin da kundin farko na wata ƙungiya bai taɓa yi ba a Birtaniya kafinsa, ya kuma ci kyautar Mercury, wadda ake ba kundin da ya fi fice a Birtaniya da Ireland, a shekarar. Ku da kuka iso a waɗannan shekaru, da shi kuka koyi jin Turancin garin, da shi kuka san tituna. Na san abin da kuke karewa ba faifai ba ne kawai, ƙuruciyarku ce a baƙon gari. Amma wanda ya rubuta waɗannan waƙoƙi ɗan shekara 18 zuwa 19 ne, yana aiki a mashayar The Boardwalk. Ita kanta The Boardwalk ɗin ta rufe tun 2010. Mutum mai shekara 32 da ke zaune a wata nahiya, in ya ci gaba da rubuta waƙar layin gidan rawa, ƙarya zai yi mana. Yaya, kai da ka ce tsohuwar zuma, da ka zo garin nan ɗalibi ne kai mai keke. Yau kana da iyali da ma'aikata a ƙarƙashinka, kuma ba wanda ya ce ka daina zama kai.

Ba na cewa kundayen biyu ba su da rauni. The Car, wanda aka naɗi yawancinsa a wani tsohon gidan ibada a Suffolk, yana da wuraren da goge ya yi yawa har ya danne ƙungiyar, kuma akwai lokacin da nake kewar Helders ya saki hannu ko sau ɗaya. Shi ne kundinsu na farko da bai hau matsayi na ɗaya a Birtaniya ba, ya tsaya a na biyu a makon da Taylor Swift ta saki nata. Waɗannan duk abin tattaunawa ne, kuma tattaunawar muke nema. Amma a tuna cewa kundin 2018 ya hau na ɗaya, ya sayar da faifan garmaho kusan 24,500 a mako guda, saurin da ba a gani ba cikin shekara 25, kuma duka biyun sun shiga jerin 'yan takarar Mercury. Masu sayen garmaho mutanenmu ne, masu zama su saurara.

Abin da wannan hukunci zai haifar ba ƙarami ba ne a wurinmu. Na ga irinsa da idona a filin Hillsborough Park a Yunin 2023, lokacin da ƙungiyar ta dawo gida ta yi dare biyu. Ina tsaye kusa da wata yarinya da ba za ta wuce shekara 16 ba, ta zo da mahaifinta. Duk tsofaffin waƙoƙin ta bi su, amma da Turner ya nufi fiyano sai na ga ta miƙe a kan yatsun ƙafa, ta haɗa hannu a ƙirji, bakinta yana bin kowace kalma. A daidai lokacin wasu manya huɗu a gabanmu suka juya wa dandamali baya suka ɓarke da hira da ƙarfi, ɗaya yana ihu a yi tsohuwa. Yarinyar ta yi ta leƙe ta gefen kafaɗunsu, daga baya ta sauke ƙafa ta yi shiru. Kuɗin tikitinta daidai yake da nasu. Makonni biyu bayan haka aka yi ta irin wannan gunaguni a kan wasansu a babban bikin kiɗa na Glastonbury, wai sun rage gudu, alhali Turner ya tashi ne daga ciwon maƙogwaro da ya sa aka soke wasan Dublin a makon. Jerin da kuka fitar juya baya ne irin na mutanen nan huɗu, sai dai a takarda. 'Ya'yanmu suna zuwa zaman nan. 'Yata ta riga ta tambaye ni ko abin da take koyo ba kiɗan gaske ba ne, tunda ta ji baffanninta suna dariyar fiyano. Biyu daga cikin waɗanda nake magana da yawunsu sun ce in haka za a yi ba za su zo ba, kuma mu ba mu da yawan da za mu yi asarar mutum biyu.

Don haka ga abin da muke roƙo. Ku mayar da kundayen biyu cikin jerin, a gurbinsu, na shida da na bakwai, kada a tura su wani zama na daban kamar 'yan riƙo. Minti 41 da minti 37 ne, duka ba su kai awa ɗaya da rabi ba. Muna roƙon kowane ɗan kwamiti ya ji kundin 2018 shi kaɗai a gida, sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, kafin ranar, ba a mota ba, ba ana girki ba. A ranar kuma a riƙe dokar shiru yadda ake riƙe ta ga kowane faifai, ba tsaki, ba fita shan iska in fiyano ya fara. In allura ta ɗaga, duk wanda bai so ba ya faɗi dalilinsa, ya nuna waƙar da wurin, za mu saurara da ladabi mu ba da tamu amsa. Muna kuma roƙon a daina yanke jerin zama a tsakanin mutum biyar. A riƙa kawo shi gaban kowa kafin a fitar, ko da ɗaga hannu ne. Ƙarshe, akwai tsohon fiyano a kusurwar ɗakin da muke kamawa, an lulluɓe shi da zane an ɗora kofuna a kai. Ku ba yaran minti goma kafin a sa kundi na shida su buɗe shi su nuna wa kowa abin da 'yata ta nuna mini.

Faifan garmahon duka biyu suna wurina, zan kawo su. Kuɗin ƙarin awa biyu na ɗakin mu tara mun riga mun haɗa, yana hannuna, duk ranar da ma'aji ya ce in kawo zan kawo. Muna jiran amsarku kafin a buga takardar gayyata.

Wassalam.

Ƙanwarku,
a madadin mutum tara,
daga Sheffield.